An Saki Kasuwa, An Riƙe Mulki: Ƙasar Sin Daga 1978 da Abin da Ya Shafe Mu a Shinkafi

 

Shugaban taro, iyayenmu wakilan masarauta da hakimai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, 'yan kasuwa, manoma, da ɗalibai, musamman waɗanda suka taso daga Ƙaura Namoda da Zurmi duk da halin da hanya take ciki, ina yi wa kowa barka da zuwa. Matasan da suka haɗa wannan zama kuma suka gayyace ni, Allah ya saka muku da alheri.

An ce in yi magana a kan gyaran tattalin arziki da ƙasar Sin ta fara a 1978, da yadda siyasarta ta sauya, ko ta ƙi sauyawa, a hannun Jam'iyyar Kwaminis. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Shinkafi da Beijing? To, sa hannu a aljihu. Idan wayarka Tecno ce ko Itel, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ne ya ƙera ta. Babur ɗin Jincheng da Haojue, farantin sola da ke kan rufin shago, tocilan, da yawancin atamfar da dillalanmu ke sarowa daga Kantin Kwari, duk daga can suke. Wannan dalili ɗaya ne. Na biyun ya fi damuna. A majalisun shayi da zaurukan WhatsApp ana yawan cewa dimokuraɗiyya ta gaza, abin da muke buƙata shi ne shugaba mai sanda irin na Chana. Mai wannan magana ba mahaukaci ba ne. Wahala ce ta kai shi bango. Amma ina ganin ya karanta tarihin Sin a baibai, kuma da shi zan yi jayayya yau.

Na farko: Sin ta riga ta gwada sanda zalla

Ranar 1 ga Oktoba 1949 Mao Zedong ya shelanta kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, a ƙasar da mamayar Japan da yaƙin basasa suka ɗaiɗaita. A ba shi haƙƙinsa. Ya haɗa kan ƙasar, ya murƙushe 'yan fashin karkara, ya yaƙi jahilci, ya baza ma'aikatan lafiya a ƙauyuka. Lokacin da ya hau, matsakaicin tsawon ran Basine bai wuce shekara 40 ba. Lokacin da ya mutu a 1976 ya kai wajen 65.

Amma a 1958 ya fito da shirin da ya kira Gagarumin Tsalle. Aka tattara manoma cikin manyan gonakin gamayya. Gona, shanu, garma, har tukunyar girki, duk suka zama na jama'a, abinci ma sai a ɗakin girkin gari. Aka umarci ƙauyuka su ƙera ƙarfe a bayan gida, mutane suka narkar da fartanya da tukwane don cika adadin da aka yanka musu. Jami'in gunduma yana tsoron ya ce an samu ƙarancin hatsi, sai ya ninka lissafi. Na lardi ya ƙara nasa. Gwamnati ta zo ta kwashi rabonta bisa lissafin ƙarya, har tana fitar da hatsi waje. A 1959 ministan tsaro, Peng Dehuai, ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna cewa akwai gyara. Aka tuɓe shi. Bayan an yi wa ministan tsaro haka, wane magatakardan ƙauye ne zai buɗe baki? Daga 1959 zuwa 1961 yunwa ta kashe mutane masu yawan da har yau ake gardama a kai: mafi ƙarancin ƙiyasi miliyan 15, masu bincike da yawa sun ce wajen miliyan 30. Ko ƙaramin adadin ya ninka mutanen Zamfara da aka ƙirga a 2006 fiye da sau huɗu.

Daga 1966 kuma aka shiga Juyin Juya Halin Al'adu na shekara goma, ɗalibai suka riƙa dukan malamansu, karatun jami'a ya tsaya cik na wasu shekaru. Deng Xiaoping kansa, wanda daga baya ya jagoranci gyaran, tura shi aka yi aikin hannu a masana'antar gyaran tarakta a lardin Jiangxi. A 1978 abin da Basine ɗaya ke samu a shekara, bisa lissafin Bankin Duniya, bai kai dala 200 ba. Ɗan Najeriya ya fi shi a lokacin, nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin da shekaru kusan 30 na sanda suka haifar. Mu ma ai mun ɗanɗana: soja sun mulke mu daga 1966 zuwa 1979, suka dawo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Da sanda ke gina ƙasa, da yanzu mu ke sayar wa Sinawa waya.

Na biyu: gyaran daga gona ya fara, kuma talakawa suka fara shi

Nan zan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar.

A ƙarshen 1978, a wani ƙauye mai suna Xiaogang da ke gundumar Fengyang ta lardin Anhui, wurin da aka san mutanensa da fita bara bayan kaka, magidanta 18 suka taru a ɓoye. Suka rubuta takarda cewa za su raba gonar gamayya gida-gida. Kowa zai biya gwamnati rabonta, abin da ya saura nasa ne. Suka ƙara da cewa idan aka ɗaure ko aka kashe shugabanninsu saboda wannan, sauran za su riƙe musu 'ya'ya har su kai shekara 18. Suka dangwala yatsa. Ku dubi sharaɗin nan na ƙarshe: mutum zai noma gonarsa, amma sai da ya bar wasiyya.

Kowa a nan ya san gandu da gayauna. Saurayi yana aikin gandu yana ɗaga kai yana duban rana, amma in ya shiga gayaunarsa sai duhu ya kore shi. Gandunmu ma na uba ne, wanda zai yi maka aure ya biya maka haraji. Na Mao gandu ne na dubban mutane, babu gayauna ta kirki, mai gandun kuma yana can Beijing bai san sunanka ba. Da damina ta zagayo, amfanin da Xiaogang ta samu ya ninka na baya sau da yawa. Ƙasar ita ce ta jiya, iri shi ne, fartanya ita ce.

Abin da gwamnati ta yi shi ne abin lura. Shugaban jam'iyya na lardin Anhui, Wan Li, ya kare su maimakon ya kama su. A lardin Sichuan Zhao Ziyang yana irin wannan gwaji. A Disambar 1978 babban taron kwamitin tsakiya na jam'iyya ya ajiye gwagwarmayar aƙida ya ce yanzu gina tattalin arziki ne gaba, Deng Xiaoping kuma ya zama mai faɗa a ji. A 1979 gwamnati ta ƙara farashin hatsin da take saya daga manomi da kashi 20 cikin ɗari, ta sa ƙarin lada ga wanda ya kawo fiye da rabonsa. Zuwa 1984 gonakin gamayya sun watse. Hatsin da ƙasar ke nomawa ya tashi daga tan miliyan 305 a 1978 zuwa tan miliyan 407 a 1984. Ba a sayar wa manomi ƙasa ba, har yau ba tasa ba ce a takarda. An dai ba shi tabbacin riƙo: shekara 15 da farko, daga baya aka mayar 30. A 2006 aka soke harajin noma gaba ɗaya.

Da kuɗi ya shiga hannun manomi sai ya nemi keke, rediyo, bulo da kwanon rufi. Ƙananan masana'antu na ƙauyuka da garuruwa suka tsiro don biya masa buƙata, kafin tsakiyar shekarun 1990 sun ɗauki ma'aikata fiye da miliyan 100. Mutane suna ganin dogayen benayen Shanghai a waya su ɗauka daga nan aka fara. A'a. Daga rumbun manomi aka fara.

Yanzu mu dawo gida, mu tsaya a shekarar nan ta 1978. A watan Maris gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. A shekarar aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara. Manufa mai kyau ce: noman rani na zamani. Amma an karɓi gonakin mutane, rikicin diyya ya ƙi ƙarewa, masu fadama a ƙasan madatsar suka rasa ambaliyar da suke noma da ita. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoman da suka tare hanya wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin da masu bincike suka ce an kashe ɗaruruwa. Shekara ɗaya, ƙasa biyu: can gwamnati ta ja da baya daga gonar manomi ta bar shi ya yi lissafinsa, nan gwamnati ta shigo da injiniyoyi ta ce ta fi shi sanin gonarsa.

Yau fa? Ba sai na faɗa muku ba, ku ne za ku faɗa mini. Manomi a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi, wani lokacin a karɓi kuɗin kuma a ƙone amfanin. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk Zamfara aka rufe kasuwannin mako, kasuwar Shinkafi da ke tara fatake har daga Maraɗi ta koma kufai na wani lokaci. Wane ne zai sayi taki da bashi, ya haƙa rijiyar noman rani, ya dasa mangwaro, alhali bai san wanda zai ci ba? Abin da magidantan Xiaogang suka sa rayukansu a kai shi ne tabbacin cewa abin da ka noma naka ne. Mu wannan tabbacin muka rasa. Duk wani shirin bunƙasa noma da za a ƙaddamar a Gusau ko Abuja, in bai dawo da shi ba, taron raba hula ne kawai.

Kada a ce na wanke Sinawa tas. Da birane suka fara faɗaɗa, jami'an ƙananan hukumomi sun riƙa ƙwace gonaki da diyya ƙanƙanuwa suna sayar wa masu gine-gine. A 2011 mutanen ƙauyen Wukan a lardin Guangdong sun kori jami'ansu a kan haka. Amma an yi wannan ne bayan manomi ya riga ya ƙoshi.

Na uku: ba su yi komai a dare ɗaya ba

A 1980 aka ware wurare huɗu a gaɓar teku, Shenzhen, Zhuhai, Shantou da Xiamen, aka ce baƙi su zo su zuba jari da sauƙin haraji. An zaɓe su ne don suna kusa da Hong Kong da Macau da Taiwan, inda Sinawa masu kuɗi suke. In abin ya lalace, ya lalace a gari huɗu. In ya yi kyau a faɗaɗa. Shenzhen da take ƙaramar gunduma ta manoma da masunta, a ƙidayar 2020 tana da mutum fiye da miliyan 17.

Farashi ma haka. Masana'anta ta ba gwamnati rabonta a farashin gwamnati, rarar ta sayar a kasuwa. Tsarin yana da mugun aibi: mai uwa a gindin murhu ya saya a farashin gwamnati ya juya ya sayar a na kasuwa. Mun san wannan a harkar taki da ta dala. A 1988 shugabanni suka yi niyyar sakin farashi gaba ɗaya. Jama'a suka ruga bankuna suna kwashe ajiya, suna saye duk abin da suka gani, hauhawar farashi ta kai wajen kashi 18 cikin ɗari. Gwamnati ta ja birki nan take.

Mu kuwa a 1986, ƙarƙashin shirin SAP na Janar Babangida, an karya darajar naira an kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona a shekara guda. Hukumomin nan sun cuci manomin gyaɗa da auduga, ba musu. Amma da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba, ingancin iri da tabbacin mai saye suka tafi tare da su. Ranar 29 ga Mayu 2023 ma da jimla ɗaya aka cire tallafin mai. Ba ina cewa gyara ba ya wajaba ba ne. Ina tambaya ne, a wace jiha aka fara gwadawa?

Ran 11 ga Disamba 2001 Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Kafin nan firaminista Zhu Rongji ya rufe ko ya sayar da dubban kamfanonin gwamnati, miliyoyin ma'aikata suka rasa aiki. Sun sha wuya, amma akwai wuta, akwai hanya, akwai tashar jirgin ruwa, sababbin masana'antu suka kwashi mutane. Yadinsu ya malalo duniya ya tarar da masaƙunmu na fama da janareta. Masaƙar Gusau ta mutu, babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga; ku je ku ga tashar yau. Sin ta buɗe layin jirginta mai gudun tsiya na farko a 2008, yanzu tana da fiye da kilomita 40,000.

Ɗalibai, ga naku. Kafin ma a taɓa kasuwa, a 1977, Deng ya dawo da jarrabawar shiga jami'a da aka dakatar shekara goma. Mutum miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki ƙasa da 300,000, bisa maki. A 1986 aka wajabta karatun shekara tara ga kowane yaro. 'Yar ƙauyen da ta je Shenzhen haɗa waya ta iya karatu da lissafi kafin ta bar gida.

Na huɗu: siyasa, abin da ya motsa da abin da aka danne

A Disambar 1978, watan da aka buɗe ƙofar gyara, wani mai gyaran wutar lantarki a Beijing, Wei Jingsheng, ya liƙa takarda a bango yana cewa zamanantar da noma da masana'antu da kimiyya da soja ba za su isa ba sai an haɗa da dimokuraɗiyya. A 1979 aka yanke masa shekara 15. A shekarar Deng ya gindaya sharuɗɗa huɗu da ba a taɓawa, babbansu shi ne jagorancin jam'iyya. Tun ranar farko ke nan an shata iyaka.

Sai dai kuskure ne a ce siyasa ba ta sauya ba sam. Deng ya ga abin da mulkin mutum ɗaya ya jawo, a jikinsa ya gani. A 1981 jam'iyya ta fito a rubuce ta ce Juyin Juya Halin Al'adu bala'i ne kuma Mao ke da alhakinsa. Tsarin mulkin 1982 ya taƙaita shugaban ƙasa da firaminista ga wa'adi biyu. Aka tilasta wa tsofaffi ritaya. Aka mayar da yanke shawara hannun 'yan majalisar ƙoli maimakon mutum guda. Daga 1987 aka fara barin ƙauyuka su zaɓi kwamitocinsu. Jami'in gunduma kuma aka ɗaura ƙarin girmansa a kan abin da gundumarsa ta samar. Talaka bai samu ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa ba, amma ya samu 'yancin zaɓen sana'a, da tafiya birni, da tara dukiya.

Sai 1989. Tsadar rayuwa da cin hancin 'ya'yan manya sun fusata jama'a. Da Hu Yaobang, tsohon shugaban jam'iyya mai sassauci, ya rasu ranar 15 ga Afrilu, ɗalibai suka cika dandalin Tiananmen makonni bakwai. Daren 3 ga Yuni zuwa wayewar 4 ga wata soja suka shigo Beijing da tankoki. Gwamnati ta ce mutum 200 zuwa 300 suka mutu, wasu majiyoyi suka ce dubbai. Zhao Ziyang, wanda a lokacin shi ne shugaban jam'iyya kuma ya ƙi yarda a yi amfani da soja, an tsare shi a gida har ya mutu a 2005. Har gobe ba a tattauna wannan rana a fili a ƙasar.

Tarayyar Sobiyat ta ruguje a 1991, masu ra'ayin riƙau suka ce kun gani, a rufe ƙofa. Deng, yana da shekara 87, ya yi rangadin kudu a 1992 ya ce a ƙara buɗewa. Lissafinsa shi ne jam'iyyar da ta cika ciki ba za a kore ta ba. Cinikin da aka ƙulla da jama'a ke nan, ba a rubuce ba: ku nemi kuɗi, ku bar mana mulki. Shugaban jam'iyya Jiang Zemin ya buɗe wa attajirai ƙofar shiga jam'iyyar da aka kafa don yaƙar attajirai. Ya miƙa wa Hu Jintao a 2002, Hu ya miƙa wa Xi Jinping a 2012, ba juyin mulki ba jini. A 2010 Sin ta wuce Japan ta zama ta biyu a duniya wajen girman tattalin arziki. Bankin Duniya ya ce mutum kusan miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci cikin shekara 40.

Xi ya zo da yaƙi da cin hanci, aka hukunta jami'ai fiye da miliyan ɗaya, har da Zhou Yongkang, tsohon shugaban harkokin tsaron cikin gida, da aka yi wa ɗaurin rai da rai a 2015. Na san wannan ne ke burge matasanmu, ni ma yana burge ni. Amma wa ke zaɓen wanda za a bincika? Jam'iyya. Wa ke binciken mai binciken? Babu. A 2018 aka cire iyakar wa'adi biyu, a 2023 Xi ya shiga wa'adi na uku. A Oktoban 2020 attajiri Jack Ma ya soki masu kula da bankuna a bainar jama'a. Cikin makonni biyu aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, ya ɓace daga idon jama'a watanni. Facebook da WhatsApp da kuke yabon Chana a cikinsu, a can toshe suke.

Ra'ayina, kuma kuna iya ƙalubalantata: shekarun da Sin ta fi bunƙasa su ne shekarun da ta ɗaure hannun shugabanta da wa'adi da shawara. Abin da Majalisar Dattawanmu ta yi a Mayun 2006, da ta binne tazarce, ya fi kusa da hikimar Deng fiye da abin da aka yi a Beijing a 2018.

Na biyar: wa ya biya kuɗin?

'Yan ci-rani kusan miliyan 300 ne suka gina biranen Sin, amma takardar rajistar mazauni da ake kira hukou ta hana yawancinsu cikakken haƙƙin makaranta da asibiti a biranen da suka gina, suka bar 'ya'ya a ƙauye wurin kakanni. Dokar ɗa ɗaya, daga 1980 zuwa 2015, ta zo da tara da zubar da ciki na dole. Tun 2022 yawan jama'ar ƙasar raguwa yake yi. Kamfanin gine-gine na Evergrande ya durƙushe a 2021 da bashin kusan dala biliyan 300, ya bar mutane da gidajen da suka biya ba a gama ba. Tsohuwar cutar nan ta tsoron faɗa wa na sama gaskiya ma ba ta warke ba: likita Li Wenliang na Wuhan, da ya gargaɗi abokan aikinsa game da sabuwar cuta a ƙarshen 2019, 'yan sanda suka kira shi suka ja masa kunne. Korona ta kashe shi a Fabrairun 2020.

Akwai kuma abin da bai kamata taron Musulmi ya tsallake ba. A Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tafka mummunan take haƙƙi a kan Musulmin Uighur na yankin Xinjiang, har ya ce tsare su da aka yi na iya zama laifi ga bil Adama. Sin ta musanta, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne don yaƙi da ta'addanci. A 2019 ƙasashe 37 sun sa hannu a wasiƙar goyon bayan Sin kan lamarin, cikinsu har da Najeriya da Saudiyya da Pakistan. Malam mai son mulki irin na Chana, ka san cewa a tsarin, limami da huɗubarsa a ƙarƙashin jam'iyya suke?

Na shida, a taƙaice: Sinawa a ƙasarmu

Najeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin ranar 10 ga Fabrairu 1971, sashen Hausa na rediyonsu ma ya girmi haka, tun 1963 yake. Su suka gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da bashin bankinsu. Su suka gina matatar man Damagaram a 2011. Buƙatarsu ta fatar jaki ta sa jakin da talaka ke ɗebo ruwa da shi ya yi tsada har Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta cinikin fatar a Fabrairun 2024. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara; bayan shekara ɗaya 'yan sanda suka kama Sinawa biyu a ƙaramar hukumar Bukkuyum kan haƙar zinariya. Basine bai san hanyar daji da kansa ba. Wani namu ne ya yi masa jagora, wani namu ya kawar da kai. Ba waliyyai ba ne, ba shaiɗanu ba ne; 'yan kasuwa ne da ke bin doka inda take da haƙori.

Roƙona ga wannan taro guda biyu ne. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da abin da Basine ba shi da shi: za mu iya tsayar da ciyaman mu tambaye shi nawa ya shigo, ina ya tafi, ba a ɗaure mu shekara 15 ba. Matasa masu ilimi, ku riƙa bin alƙaluman kason wata-wata na Shinkafi da Zurmi da Ƙaura kuna karanta wa jama'a da Hausa. Na biyu, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya buɗe buhun shinkafa, a tambaye shi gonaki nawa ne aka daina nomawa a mazaɓarsa, kuma yaushe masu su za su koma ba tare da biyan kowa ba.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.  Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne: mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren mata da ɗalibai, sannan waɗanda ba su yarda da ni ba.